Yaron Da Ake Shiru In Ya Shigo

Jiya da hantsi wasu yara suka wuce ta ƙofar gidana da amalanken jaki, bido, wato jarkokin ɗibar ruwa, babu komai a ciki suna karo da juna a baya, ƙwal-ƙwal, ƙwal-ƙwal. Ina cikin tsintar shinkafa sai na ga hannuna ya tsaya. Wanda bai yi layin pampo a Arlit ba a shekarun da kamfani ya rage ma'aikata, ba zai san abin da wannan ƙara take tayar mini ba. Ina jinta sai in ga kaina ƴar yarinya, bido a hannun dama, hannun ƙanena a na hagu, ina ta addu'a a zuci Allah ya sa kada ya buɗe baki.

Mu mutanen Damagaram ne. Baba ya hau arewa tun yana saurayi, ya samu aikin walda a kamfanin haƙar uraniyom, ya je gida ya ɗauko Inna. A gidajen kamfani aka haife ni, inda ruwa ke zuwa har ɗaki, wuta ba ta ɗaukewa. Da kasuwar ƙarfen ta faɗi aka shiga sallamar mutane, Baba yana cikin waɗanda abin ya ci. Muka kwashe kaya muka koma bayan gari, unguwar bukkoki, wani gidan haya na ƙasa mai rufin gangunan da aka baje. Daga ƙofa kana hango tsibin ƙasar da aka tono daga rami, ya yi tsawo kamar dutse. Iyali uku ne a cikin gidan. Mu muna ɗakunan gabas. Wani Bakatsine mai shago yana da ɗakin da ke kallon hanya. A lungun yamma kuma akwai wata tsohuwa Buzuwa da ɗanta direban kamyo, babbar motar kaya. Ita ba ta kwana a ɗaki, rumfar tabarmi ta kafa a tsakar gida, ta ce bango yana toshe mata numfashi.

Ƙanena shi ne ke bi mini. Lafiyayye aka haife shi, kyakkyawa, amma ya yi shekara uku bai ce Inna ba. Ba ya kallon idon mutum. In ka kira shi kamar da bango kake magana, amma in cokali ya faɗi a maƙwabta sai ya waiwaya. Yana iya yini yana jera murafun kwalba a gindin katanga, wanda ya taɓa ɗaya ya jawo wa gidan kuka har la'asar. Dangin Inna suka aiko cewa iska ce, a nemi rubutu. Abokan Baba suka ce ƙurar rami ce da yake shigowa da ita a tufafi. Wata mata ta ja Inna gefe ta ce ta duba da kyau, akwai hannu a ciki. An sha rubutun, an yi hayaƙi, an je likita sun duba kunne sun ce lafiya lau. Baba dai ya daina ɗaukarsa da kayan aiki a jikinsa, kuma ko bayan an sallame shi bai koma ɗaukarsa ba.

Sai wata rana bakinsa ya buɗe, amma ba da maganarsa ba. Inna tana tuƙa tuwo muka ji mai tallan kalanzir a tsakar gida. Ta ce in fita in tsayar da shi. Na fita, babu kowa sai ƙanena da murafunsa. Daga ranar duk abin da ya shiga kunnensa yana nan ajiye, da muryar mai shi, da tarinsa, da inda ya ja numfashi. Hausa, Buzanci, Faransancin rediyo, duka ɗaya ne a wurinsa. Ba ya amsa tambaya, ba ya cewa yana jin yunwa, kuma ba a sa shi ya maimaita. Sai lokacin da abin ya zo masa, wataƙila bayan kwana da kwanaki, zai saki magana kamar an buɗe rediyo.

Da farko unguwa ta ɗauke shi abin dariya, mu ma muka samu sauƙi. Inna ba mai ɓoye ɗa ba ce. In ana suna ko biki, mata suka taru murza taliya, da shi take zuwa, ta shimfiɗa masa buhu kusa da ƙafarta. Ana cikin aiki sai ya yi muryar liman yana faɗa a kan masu makara, mata su riƙe ciki. A fadar samari suna ba shi kofin shayi na uku da fatan ya yi musu muryar mai shago yana rantsuwa cewa faɗuwa yake yi. Shekarar da damina ta ƙi, makiyaya suka shigo gari babu ko akuya, aka riƙa rabon gero a fili, mata sukan matsa wa Inna ta shiga gaba saboda ba ya jure cunkoso. Ba na mantawa da wannan alheri, don kada abin da zan faɗa ya sa ka ɗauka mutanen unguwarmu mugaye ne.

Abin da ya fi tsoro shi ne nakiya. In aka fasa dutse a rami da rana, ƙasa takan yi motsi har kwanuka su yi ƙara. Sai ya toshe kunne ya kama buga kai da bango. Inna ta riƙe, ni na riƙe, ba ma iyawa. Tsohuwa ce ta gano maganin abin. Takan fito daga rumfa ba gaggawa, ta yaye baƙin mayafinta mai rinin shuni, ta naɗe shi tam kamar jariri, ta zauna ta matse shi a ƙirji tana gunji a maƙoshi. Kafin a jima ya yi laushi. Ya tashi da shuni a kumatu. A hannunta kawai yake yarda ya ci abin da ba tuwo ba, gero da cuku da dabino da take dakawa. Ɗanta direba in ya dawo daga tafiya, tun daga zaure yake kiran uwarsa, "Anna! Anna!", ya yi wata dariya mai kamar tari, ya zube wa ƙanena murafun da ya tsinto masa a tashoshi.

Tawaye bai shigo mana da ƙarar bindiga ba. Labari ne ya fara zuwa: an tare motoci a hanyar Agadas, an ƙwace ta kamfani a hanyar dutse. Sai motoci suka daina tafiya sai da rakiyar soji. Sai aka kafa shinge a bakin gari. Sai aka fara zuwa ana ɗaukar mutane, yawanci Buzaye, wani ya dawo wani shiru. Mutanen da suka shekara suna cin tuwo a kwano ɗaya suka koma gaisuwa daga nesa. Ba wanda ya san wa ke kai magana, amma kowa ya tabbata akwai mai kaiwa.

A nan ne dariyar da ake yi wa ƙanena ta ƙare. Na fara lura a gidan suna. Muna shiga da shi hira ta mutu, sai ƙarar faranti. Wata ta ce wa Inna, "Yaya, da kin bar shi gida ya huta, rana ta yi zafi." A lokacin sanyi ne. Samarin fada suka daina kiransa. In ya tsaya kusa da su sai su koma zancen ƙwallo. Inna ta gane, a hanya ta matse hannuna ta ce in na fita da shi in riƙa bin inda babu mutane. To, ruwa fa? Pampo ɗaya ne a ɓangarenmu, kuma ba a barinsa shi kaɗai a gida in Inna tana suyar ƙosan sayarwa.

Ranar da abin ya faru layi ya yi tsawo, ruwa yana zuwa siriri kamar zare. A gabanmu akwai matar wani jandarma da ke haya a bakin unguwa, da mata da yawa, da yaran mai shago. Ƙanena yana tsugune yana kallon ɗigon ruwa. Sai muka ji direba, sak, da Hausarsa ta Buzaye:

"Buhu biyu gero, bido guda mai. Ka aje bayan dutse, su zo su ɗauka. Kar ka gaya ma kowa."

Har da dariyar nan mai kamar tari. Mata suka waiwaya suna neman direban. Da suka gane, ba wadda ta yi dariya. Na toshe masa baki da tafin hannu, ya cije ni, ya sake faɗa daga farko. Matar jandarma ba ta ko juyo ba, ta ci gaba da gyara gammonta. Har yau ina tunanin wannan rashin juyowar. Na bar bidon a layi na ja shi muka gudu.

Da na gaya wa Inna, ta zauna a kan turmi. Sannan ta ce, "Magana zarar bunu ce." Ta tashi ta je rumfa ta faɗa wa tsohuwa da bakinta. Tsohuwa ta ce ƴan'uwanta ne a daji, dabbobinsu sun mutu, yara suna cin ganye, shi ne ɗanta yake ajiye musu hatsi a hanya, yana ɓoyewa don an hana fita da abinci. Inna ta ce ta yarda. Da muka koma ɗaki na tambaye ta, to man fa, masu raƙuma me za su yi da mai? Ta ce in rufe mata baki.

Ba a yi mako ba masu kaki suka zo, da safe, direba yana wanke ƙafa zai fita. Ba su yi hayaniya ba. Suka ce ya zo ana son ganinsa. Ya dubi uwarsa ya yi mata magana da yarensu, ya sa takalmi ya bi su. Tsohuwa ta tsaya a zaure har ƙurar motar ta kwanta, ta dawo ta saki tabarmar ƙofar rumfa. Ba ta taɓa sakinta da rana ba.

Daga nan zato ya cika gidan. Unguwa ta ce bakin yaron ne. Wasu suka ce yaro bai san komai ba, uwar ce ke tura shi gidaje ya kwaso mata. Aka daina sayen ƙosan Inna, ta riƙa dawowa da shi a kwano muna ci da rana muna ci da dare. Inna kuma mai shago take zargi, don ya daɗe yana son ɗakin direba ya mai da shi wurin ajiyar kaya, kuma soji suna zama a bencinsa suna shan sigari. Mai shago ya ce a tambayi matar jandarma. Ana cikin haka aka kira Baba aikin gadi a ƙofar wani sito na kamfani, bayan ya shekara yana nema. Ranar da ya shigo da kakin gadi a hannu, ba wanda ya zo yi masa barka. Na ji wata tana cewa ta bayan katanga, "Aiki a wannan zamani? Sai dai in an biya da wani abu."

Zato zunubi ne, haka aka koya mana a makarantar allo. Amma ni ma na kwana da shi. Na tuna Baba ya fita da yammacin ranar pampo, bai ce ga inda za shi ba. Na tuna yakan zauna shan shayi da direba, ya fi kowa sanin tafiye-tafiyensa. Na riƙa kallon hannunsa in yana cin tuwo, kamar a nan zan ga amsa. Shi ma ya lura ina kallonsa, ya daina aikena.

Shi ne ya yanke hukunci. Ya ce wa Inna, "Yaron nan ba ya ƙara fita. Baki shi ke yanka wuya, yau na maƙwabci, gobe namu."

Inna ta ce, "Malam, ɗan mutum ne fa, ba akuya ba."

Ya ce, "Akuya ba ta sa a ɗaure mutum."

Aka sa sakata ta waje a ƙaramin ɗaki. Ni ke kai masa abinci, ni ke fitar da shi bayan gida in mayar. Kwanakin farko ya yi ta buga ƙofa. Da aka fasa nakiya muka ji kansa yana dukan bango, Inna ta shiga da zanenta ta naɗe shi yadda ta ga ana yi, ya fizge. Tabarmar rumfa ba ta motsa ba. Daga baya ya daina bugu, ya daina cin abinci sai ruwa, ya daina jera murafu. Abin da ya fi tayar wa Inna da hankali, ya daina magana. Yaron da ke cika gida da muryoyin mutane ya koma kwance yana kallon rufi, goshinsa a kumbure. Inna tana suya tana share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne.

Wata rana bayan azahar, zafi ya kori kowa inuwa, gidan ya yi tsit. Ina wanke-wanke sai na ji daga ƙaramin ɗaki:

"Anna! Anna!"

Sai dariyar. Kwano ya suɓuce mini. Tabarmar rumfa ta ɗaga da ƙarfi, tsohuwa ta fito ba mayafi ba takalmi, ta nufi zaure. Ta leƙa hanya, ba kowa. Muryar ta sake kira daga bayanta. Ta juyo a hankali ta dubi ƙofar mai sakata. Na zaci za ta zage mu. Sai ta zo ta zauna a ƙasa, a cikin ranar nan, ta jingina kunne da ƙofar. Ƙanena ya ci gaba, yanzu da Buzanci, doguwar magana da ban ji ko kalma ba. Ita tana ji. Wani wuri ta amsa, wani wuri ta rufe fuska.

Inna ta fito ta tsaya. Tsohuwa ba ta dube ta ba ta ce, "Ɗiyana, buɗe."

Inna ta ce, "Tsohuwa, maigidan ya hana."

Ta ce, "An ɗauki guda. Wannan ma ku kashe? Buɗe, ɗana yana ciki bakinshi."

Inna ta zare sakatar. Tsohuwa ta aike ni na ɗauko mayafinta, ta naɗe shi, ta kai shi rumfa. Da la'asar na leƙa na ga yana cin gero da cuku a tafin hannunta. Da Baba ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe, ya tsaya a tsakar gida yana kallon rumfar. Tsohuwa ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, irin duban da ba na so in sake gani. Shi ya fara sauke ido. Bai ƙara zancen sakata ba.

Kada ka ɗauka komai ya koma daidai. Tsohuwa ta karɓi yaron, ba ta karɓe mu ba. A gaban yaron ba ta cewa komai sai salati da gunjin nan, in baƙinta suka zo sai ta miƙo mini shi tukuna. Abincin Inna takan karɓa, na Baba in ya sayo nama ya aika, sai ta ce ta ƙoshi. Amma da mata suka ga wadda aka ɗauke wa ɗa ita ce ke goyon yaron, kunya ta kama wasu. A hankali aka dawo sayen ƙosai. Aka sake kiran Inna murza taliya, ta je da shi. Ana dai yin shiru in ya shigo, sannan a ɗauko zancen tsadar tumatir.

Direba ya dawo bayan watanni, ya rame, haƙoransa na gaba babu, muryarsa ta dushe. Bai kira Anna daga zaure ba, shigowa ya yi ya zauna. Bai taɓa faɗar abin da aka tambaye shi ba, ko wanda ya kai shi. Ya gaisa da Baba hannu da hannu, ya gaisa da mai shago hannu da hannu, ban ga bambanci ba duk da na zuba ido. Ba su daɗe ba suka haɗa kaya suka bi hanyar Assamaka, ta bakin iyakar Aljeriya. Da za su tafi tsohuwa ta yaga mayafin biyu ta ba Inna rabi. Mai shago ya samu ɗakin.

Yau Inna da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Ƙanena yana wurina, furfura ta fara fito masa a gemu. Unguwar bukkoki ta zama gidajen siminti, samari sun watse wuraren haƙar zinariya, kamfani ma ba shi da ƙarfin da. Yanzu akwai suna ga irin halinsa, akwai mata masu irin ƴaƴan da ke taruwa suna ba juna shawara, nakan je in zauna da su. Kowa kuma yana yawo da waya mai ɗaukar murya, ana tura maganar mutum har Aljeriya bai sani ba, ba wanda ya ce a kulle waya a ɗaki.

Muryoyin suna nan a bakinsa, na matattu sun fi yawa. Wani lokaci Inna ce ke ce mini in rage wuta, in amsa kafin in tuna. Bara, ina yi masa aski a tsakar gida, sai ya gyara murya irin ta Baba, ƙasa-ƙasa, yadda Baba ke yi in yana gaban manya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni abin da na sani game da shi..."

Wataƙila zancen wani ne daban, ba direba ba. Wataƙila abin da ke biye shi ne "mutumin kirki ne". Na ajiye almakashin, na bar shi da rabin aski, na fita ƙofar gida na tsaya har na tabbata ya gama.